Ranar da Kat-san-kat ta ƙi tashi

1. Baba Direba da motarsa

A unguwar Zango, cikin birnin Damagaram, akwai wani tsohon direba. Ba kowa ya san sunansa na yanka ba. Manya da yara, Baba Direba suke ce masa. Yana da mota guda ɗaya, Peugeot 404 mai buɗaɗɗen baya, irin wadda ake rufa wa tamfol. Mutane suna kiranta Kat-san-kat, wato yadda ake faɗin lambarta da faransanci.

An fara ƙera irin wannan mota a ƙasar Faransa cikin shekarar 1960. A can an daina ƙera ƙananan a 1975, amma a ƙasar Kenya an ci gaba da haɗa ta har 1991. A da, in ka shiga tashar Maraɗi, ko ta Tawa, ko ta Yamai, jere za ka tarar da su. Sun ɗauki mutane, sun ɗauki gyaɗa, sun ɗauki awaki. Yanzu sun yi wuyar gani. In ɗaya ta wuce, tsofaffi sukan bi ta da kallo.

Motar Baba ta haura shekara 50 a duniya. Fentinta ya koɗe. Ƙofar dama ba ta buɗuwa sai ta ciki. Amma injinta lafiya lau yake. Baba yakan ce: "Ni da ita tare muka tsufa. Ta san halina, na san nata."

Kullum, da an sallame sallar asuba, sai ya tayar da ita ya nufi Mirriya, garin lambuna, wanda bai kai kilomita 20 daga Damagaram ba. Can yake ɗauko tumatir da salati da albasa, ya kawo wa waɗansu mata biyu masu sayarwa a kasuwa. Da wannan ɗan aiki yake ci da gidansa.

Baba yana da jika mace, tana aji shida a lakkwal. Amarya yake ce mata, don wasan kaka da jika. Idanun Baba sun fara rauni, saboda haka ita ke karanta masa takarda, ita ke yi masa lissafin kuɗin mai.

2. Safiyar hunturu

Da sanyi ya kama, cikin watan Janairu, sai mota ta soma nawa. Ran nan Baba ya murɗa makulli. Injin ya juya da ƙyar, sau biyu, kamar tsohon da ke tashi daga tabarma. Ya sake murɗawa. Sai ya ji ƙas, ƙas. Daga nan shiru.

Ya kira samarin unguwa. Suka tura, mota ta yi tari, ta kama. Kashegari ma haka. Kwana uku ana turi. Baba ya koma ajiye ta a kan gangare, don turin ya yi sauƙi.

A rana ta huɗu aka yi ɓarna. Ya isa Mirriya, ya shiga har bakin lambu, ya manta ya kashe inji. Aka loda kwandunan tumatir. Da ya zo tashi, mota ta ƙi. Wurin kuwa yashi ne, ba ya turuwa. Kafin a samo shanu su jawo ta zuwa bakin hanya, rana ta take. Ya iso kasuwa bayan azahar. Masu saye sun watse, tumatir ya yi laushi. Ɗaya daga cikin matan ta ce: "Baba, ba don halinka ba, amma ni ma ƴaƴa gare ni. Gobe zan nemi wata mota."

Ran Baba ya ɓaci ƙwarai. Bai ko je gida ba, sai kantin da ya sayi batir. Wata takwas ke nan da sayensa. Mai kantin ɗan abokinsa ne da ya rasu, a gabansa aka haife shi. Baba ya tsaya bakin ƙofa, ya ɗaga murya, mutane suna ji. Ya ce: "Ashe haka za ka yi mini? Ka sayar mini da mataccen batir, ka karɓi kuɗin sabo!"

Saurayin ya sunkuyar da kai. Ya ce: "Baba, ka yi haƙuri. A kai shi a auna. In shi ne, zan canza maka."

Baba ya ce: "Ni za a koya wa mota? Tun ba a haife ka ba nake tuƙi." Ya juya ya tafi.

Da dare ya ce wa uwargida ta ɗauko kuɗin da ke cikin kwalla. Gobe zai sayi wani batir a wani kanti. Uwargida ta ce: "Malam, kuɗin hatsi ne fa. Abin da ke buhu ba zai kai mu ƙarshen wata ba." Baba ya ce: "In mota ba ta tashi ba, babu hatsi ko na wata mai zuwa."

Jikarsa tana gefe tana bitar karatu. Ta ɗago kai ta ce: "Kaka, wa ya gaya maka batir ne?"

Ya ce: "Bara ma haka ta yi, Amarya. Na sa sabo, ta warke."

Ta ce: "Mushe ya ce mana, in lissafi biyu sun yi kama, mu karanta na biyun har ƙarshe kafin mu rubuta amsar na farko."

Baba ya yi dariya, amma maganar ta hana shi barci.

3. Muryoyin mota

Gari ya waye Asabar, babu lakkwal. Aka tura mota, Baba ya ɗauki jikarsa suka tafi gareji. Mai garejin, a da, yaron motar Baba ne. Yanzu shi ma ya yi furfura, amma har yau Maigida yake ce masa.

Baba ya ce: "Batir ya mutu. Cire mini shi."

Makaniki ya kawo benci. Ya ce: "Zauna, Maigida. Kafin mu sayi likkafani, bari mu duba ko mara lafiyan ya cika."

Ya dubi yarinya ya ce: "Ƴata, kin zo da littafi? To, rubuta. Motar da ta ƙi tashi tana magana. Murya huɗu gare ta, kowace da inda take nunawa."

Ga abin da yarinya ta rubuta:

In an murɗa makulli ba a ji kome ba, fitilu kuwa suna ci da haskensu sosai, wuta ce ba ta isa demarar ba. Demarar ita ce ƙaramar na'urar lantarki da ke juya inji har ya kama. A duba makulli, da siririyar wayar da ke kai umarni, da demarar ɗin kanta.

In an ji ƙas, ƙas, fitilu kuma suka dushe, batir ya yi rauni, ko kuwa mahaɗin waya ya saki, ko ya yi datti.

In inji yana juyawa a hankali, da nishi, ƙarfin wutar ne bai isa ba. Wani lokaci kuma demarar ce ta tsufa, take cin wuta fiye da ƙima.

In inji yana juyawa da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, a ƙyale batir, ba shi da laifi. A nemi mai, ko ya iso inji. A nemi tartsatsin buji, ko yana fita.

Sa'an nan makaniki ya kunna manyan fitilu. Ya ce wa Baba ya murɗa makulli. Fitilun suka yi ja kamar garwashin da ya kwana. Aka ji ƙas, ƙas.

Yarinya ta duba littafinta ta ce: "Murya ta biyu!"

Makaniki ya ce: "Daidai. Yanzu mun san unguwar da ɓarawo yake. Saura gidan."

4. Ido kafin hannu

Ya buɗe gaban mota. Bai taɓa kome ba tukuna, sai kallo. A kan batir akwai kawuna biyu na dalma, ɗaya da alamar ƙari, ɗaya da alamar ragi. Dukansu sun yi wani gari, fari-fari da kore-kore, kamar kanwa ta fito a bango.

Ya ce: "Kin ga wannan gari? Tururin ruwan batir ne ke cin ƙarfe. Wuta ba ta ratsa shi da kyau. Ƙaramar fitila za ta ci, don kaɗan take sha. Demarar kuwa tana jan fiye da ampar 100 a lokaci guda. Rijiya ce mai ƙaramin baki, ga babban guga."

Ya kori wani yaro da ya matso da taba a hannu. Batir yana fitar da wata iska mai kama wuta, tartsatsi ɗaya na iya fasa shi. Ya kwance wayar ragi da farko, sa'an nan ta ƙari. Yarinya ta tambayi dalili. Ya ce: "Wayar ragi a jikin mota take ɗaure. Duk ƙarfen motar nan hanyar komowar wuta ne. In na fara da ƙari, sifana ta taɓa jikin mota, wuta za ta tashi a hannuna. In na cire ragi, na datse hanyar. Wajen mayarwa kuwa, ragi ce ta ƙarshe."

Ya jiƙa ƴar kanwa a ruwa, ya wanke kawunan da ita. Garin ya yi kumfa ya narke. Ya kula ƙwarai kada ko ɗigo ya shiga cikin batir, gama kanwa tana kashe ƙarfin ruwansa. Ya kankare ƙarfen har ya yi haske. Ya bi wayar ragi zuwa inda aka ɗaure ta a jikin mota, ya goge tsatsar wurin, ya ɗaure tam. Aka sake gwadawa. Inji ya juya sau uku, ya tsaya.

Ya ce: "An sami sauƙi, amma ba nan ciwon yake duka ba."

Ya buɗe murafe shida da ke bisa batir. Ya leƙa ɗaya bayan ɗaya. A cikin biyu ruwa ya yi ƙasa, ya ƙara musu tataccen ruwa daga kwalba, har ya rufe farantan ciki. Sa'an nan ya ɗauko ma'aunin wuta. Ya ɗora jan tsinke a kan ƙari, baƙi a kan ragi. Ya ce: "Ƴata, karanta."

Ta ce: "Volt 11,9."

Baba ya tashi tsaye. Ya ce: "To, kun gani! Ba 12 ba ne cikakke? Ya mutu."

Makaniki ya ce: "Maigida, ai ko 12 cif ba cikakke ba ne. Cikakke 12,6 yake nunawa. In ya sauko 12,2, rabi ya tafi. Wannan ba kome a cikinsa. Amma ma'auni cewa ya yi babu wuta. Bai ce ba ya iya riƙe wuta ba. Mai yunwa da matacce duk a kwance ake samunsu. Mu ba shi abinci mu gani."

Ya sauke batir, ya kai shi inuwa inda iska ke kaɗawa, ya jona shi da na'urar caji. Ya ce a hankali ake yi, sai gobe.

5. Abin da ke cikin baƙin akwati

Mene ne batir? Akwati ne mai ɗakuna shida. A kowane ɗaki akwai faranta iri biyu, dukansu daga dalma aka yi su, suna tsome cikin asid da aka surka da ruwa. Kowane ɗaki yana ba da volt 2,1. In an tara shida, an sami 12,6. Wani masani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago irin wannan batir a shekarar 1859, tun ba a fara yin mota mai shan mai ba.

Motocin farko da hannu ake tayar da su. Direba ya tsaya a gaba ya juya wani lanƙwasasshen ƙarfe. In inji ya yi tutsu, ƙarfen yakan karya hannun mutum. A shekarar 1912 motar Cadillac ta ƙasar Amurka ta fito da demarar mai aiki da lantarki. Tun daga nan aikin batir ya ƙaru.

In batir yana ba da wuta, asid ɗin yana shiga faranta, ya bar musu wani farin gishiri, ruwan kuma ya yi salam. In an mayar masa da wuta, gishirin ya narke, asid ya komo. Haka abin ke ta kai da kawowa. Amma in an bar batir ba wuta kwana da kwanaki, gishirin yakan daskare, ba ya sake narkewa. Nan ne yunwa take zama ajali.

A ƙasarmu babban maƙiyin batir shi ne zafi. Cikin Afrilu da Mayu zafi yakan wuce digiri 40, gaban mota kuwa ya fi haka nesa. Ruwan batir yana ƙafewa, faranta suna ruɓewa da sauri. Sanyi kuma shi ke tona asiri. Da safiyar hunturu batir ba ya ba da ƙarfinsa duka, man inji kuma ya yi kauri, juyawa ta yi nauyi. Don haka batir da bazara ta cinye, sai hunturu yake faɗuwa, mutane su ɗora wa sanyi laifi.

Ruwa kaɗai ke ƙafewa, asid yana nan. Saboda haka ruwa ake ƙarawa, ba asid ba. Kuma ba kowane ruwa ba, sai tatacce, wanda aka samo daga tururi. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishiri iri iri da ke lalata faranta. Ruwan batir yana ƙona fata da tufafi, yana makantar da ido. Dalma kuma guba ce. Yaro kada ya fasa tsohon batir, kada ya yi wasa da abin da ke ciki.

6. Wa ke cinye abincin?

Ran Lahadi da hantsi suka komo. Makaniki ya riga ya cire batir daga caji tun asuba, ya bar shi ya huta. Yarinya ta karanta: "12,6." Aka mayar da shi cikin mota.

Makaniki ya ce: "Saura gwaji na biyu. Jaki ba a san ƙarfinsa sai an aza masa kaya. Ki sa ido a kan ma'auni lokacin da inji ke juyawa. In ya faɗi ƙasa da 9,6, Maigida ya yi gaskiya."

Baba ya murɗa makulli. Yarinya ta ce: "10,4!" Kafin ta rufe baki inji ya kama, yana ruri kamar ba shi ne jiya ba.

Baba ya yi murmushi, ya ce: "Madalla. Nawa ne kuɗinka? Mu tafi."

Makaniki ya ce: "Tsaya, Maigida. Ruwa ba ya tsami banza. Batir mai wata takwas, lafiyayye, me ya zubar masa da wuta? In ka tafi yanzu, ran Alhamis za ka komo da masu turi."

Ya sa Baba ya taka mai kaɗan, ma'auni yana nan a kan batir. Ya ce: "In inji yana aiki, dinamo ne ke ba mota wuta, yana kuma mayar wa batir abin da demarar ta ɗiba. Ya kamata mu ga tsakanin 13,8 da 14,4."

Yarinya ta ce: "12,4." Aka kunna manyan fitilu. Ta ce: "12,2. Kaka, sauka yake yi!"

Aka kashe inji. Makaniki ya sa babban yatsa a kan ɗamarar roba da ke juya dinamo, ya danna. Ta lotsa ƙwarai. Ya ce: "Santimita ɗaya ya kamata ta lotsa, ko ɗan fiye. Dubi wannan." Gefenta ya yi sulɓi yana ƙyalli, cikinta duk ya tsattsage. Inji yana juyawa, ita kuwa zamewa take yi. Dinamo yana juyi kaɗan, ba ya haifar da abin kirki.

Ya ce: "Maigida, ba ka ga allurar zafi tana hawa ba kwanakin nan? Ɗamarar nan ita ke juya famfon ruwa."

Baba ya yi shiru. Can ya ce: "Na gani. Na ce tsufa ne."

"Jar fitilar caji fa, da ke gaban direba?"

Baba ya ce: "Ta daɗe ba ta kama ba. Na ɗauka lafiya ce."

Makaniki ya ciro ɗan ƙwan fitilar, ya ɗaga shi a rana. Ya ƙone. Ya ce: "Wannan fitila, in ka murɗa makulli kafin inji ya tashi, dole ta kama. In inji ya tashi, ta mutu. In ba ta kama ba sam, mai gadinka ne ya yi barci."

Aka sa sabuwar ɗamara, aka ja ta daidai. Aka sa sabon ƙwai. Inji ya tashi, jar fitila ta kama ta mutu. Yarinya ta karanta: "14,1." Aka kunna fitilu, ma'auni bai faɗi ba. Makaniki ya ce in da ya wuce 15, wannan ma ciwo ne: na'urar daidaita wuta ta lalace ke nan, batir zai tafasa ya ƙafe. A ƙarshe ya kashe kome, ya auna ko akwai wata waya mai satar wuta da dare. Babu. Kuɗin gyaran duka bai kai rubu'in kuɗin batir ba.

7. Rumbu da gona

A hanyar gida Baba bai yi magana ba sai da suka kusa unguwa. Sa'an nan ya ce: "Amarya, kin gane abin da ya faru?"

Ta ce: "Dinamo ne ba ya caji."

Ya ce: "Batir rumbu ne, dinamo gona. Kullum da asuba ina ɗiba: na tayar da inji, na kunna fitilu saboda duhu da hazo. Gona kuwa ba ta kawo kome. Da rumbu ya ƙare, sai na kama zagin wanda ya gina rumbu."

Ya tuna batir na bara. Wancan ya mutu da gaske. Ya sha bazara uku, ya sha ruwan rijiya, har cikinsa ya kumbura. Alamun kuwa iri ɗaya ne da na bana: nawa da safe, ƙas ƙas, shiru. Abin da ya ruɗe shi ke nan. Ya taɓa ganin ciwon, ya taɓa samun maganin, sai ya daina tambaya. Da sabon direba ne, da tsoro ya kai shi gareji tun ranar farko. Shi kuwa saninsa ne ya hana shi.

Akwai kuma abin da bai gaya wa kowa ba. Shekaru da yawa yana da yaron mota mai buɗe gaba kowace safiya, ya duba ruwa, ya duba mai, ya taɓa ɗamara. Yaron ya sami babur ya tafi nasa nema. Baba bai ɗauki wani ba, shi kuma sunkuyo ya fara yi masa wuya, idanu ba sa ganin ƙananan abubuwa. Ya ji nauyin faɗin haka. Turin samari ya rufa masa asiri kwana uku, amma turi aikin demarar kawai yake yi. Ba ya zuba kome a rumbu.

Da ya sayi sabon batir, da mota ta tashi garau kwana kaɗan. Da ya ƙara tabbata mai kanti macuci ne. Bayan haka sabon ma ya kwanta, ga kuɗin hatsi sun tafi, ga zumunci ya ɓaci.

Da la'asar ya mayar wa uwargida kuɗinta, ta zuba a kwalla ba ta ce kome ba. Ya sa babbar riga. Ya tafi kantin a lokacin da mutane suka fi yawa. Saurayin ya gan shi, ya taso da sauri, ya ce: "Baba, shigo ciki."

Baba ya ce: "A'a. A nan na tsaya na faɗa, a nan zan tsaya in janye." Ya juya wajen mutane ya ce: "Jama'a, shekaranjiya na ce yaron nan ya cuce ni. Ba haka ba ne. Batirinsa lafiya lau. Laifin motata ne, da nawa. Laifi tudu ne, na taka nawa na hango na wani. Ɗana, ka yafe mini."

Saurayin ya durƙusa ya ce: "Haba Baba, ai ba kome tsakanin ɗa da uba." Ya shiga ya ɗauko kwalbar tataccen ruwa ya ba yarinya. Ya ce: "Ki riƙa tuna masa."

Cikin matan nan biyu, ɗaya ta ci gaba da ba Baba kayanta. Ɗayar ta riga ta yi alkawari da wani, ba ta komo ba. Baba bai yi mata ƙorafi ba.

Yanzu kowace Asabar da safe, in ka bi ta ƙofar gidan, za ka ga gaban Kat-san-kat a buɗe. Yarinya tana tsaye bisa turmi, tana leƙa murafe shida, tana danna ɗamara da yatsa. Baba yana zaune a kujerar direba. Yakan murɗa makulli rabi, ya jira. Sai ta leƙo ta taga ta ce: "Kaka, jar fitila ta kama." Sa'an nan ya tayar.

Tambayoyi

1. Wane aiki Baba Direba yake yi da motarsa?
2. Me ya sa ya tabbata batir ne ya mutu, tun ba a auna ba?
3. Ku faɗi muryoyi huɗu na motar da ta ƙi tashi, da abin da kowace ke nunawa.
4. Don me ake fara kwance wayar ragi?
5. Ɗaki ɗaya na batir yana ba da volt 2,1. Nawa ɗakuna 3 za su bayar? Nawa 6?
6. Me Baba yake nufi da ya ce batir rumbu ne, dinamo gona?
7. Me ya sa ya ƙi shiga cikin kanti lokacin da ya je neman gafara?